Koriyar Ƙofa

Da hantsin Talata waya ta yi ƙara:
"An isar da saƙonka."
Na sauka da silifa, matakala talatin da biyu,
ban tarar da komai a bakin ƙofa ba
sai yayyafin Porto
da wani tsuntsun teku mai kallona
kamar ya biyo ni bashi.

Sun turo hoto, wai shaida.
Ga kwalin nan, bai kai tafin hannu ba,
jingine da wata koriyar ƙofa.
Tawa ruwan ƙasa ce tun ranar da muka tare.
Graciete ta zaɓi fentin,
ni dai tsani na riƙe mata.

Kwarkwaro ne kawai a ciki,
na tsohon keken ɗinkinta,
irin da aka daina ƙerawa tun ina da baƙin gashi.
Ta bar labulen kicin rabi a ɗinke,
allura tsaye a kalmasa,
ta ce, bari in ɗan kishingiɗa.
Hunturu uku ke nan.

Jikata Leonor ta gano shi a wajen wani tsoho a Leipzig,
ta latsa, ta latsa, kuɗi suka fita.
Na ce, yarinya, wannan cinikin biri ne a sama.
Ta yi dariya. Yanzu ta daina.

Na kira kamfani.
Danna ɗaya. Danna huɗu. Kiɗa.
Shayina ya huce, na ɗora wani, shi ma ya huce.
Can wata murya mai ladabi ta ba ni haƙuri
har sau biyar, na ƙirga,
ta ba ni lamba mai tsawon jelar ɓera,
ta ce in jira kwana goma na aiki.
Za su mayar mini da yuro goma sha huɗu.
Na ce, ba kuɗin nake nema ba.
Ta ce, akwai wani abin kuma da zan taimaka?

Mutumin Leipzig ya rubuto layi ɗaya:
shi ne na ƙarshe.

To, matambayi ba ya ɓata.
Na ɗauki lema da hoton, na shiga unguwa.
Ashe koren fenti araha yake a garin nan.
Ƙofa goma sha tara na ƙwanƙwasa
daga bakin kogi zuwa bayan coci,
gwiwa tana zagina a kowane hawa.
Custódio mai aski ya sa tabarau, ya juya hoton sama da ƙasa,
ya ce ƙofar surukarsa ce. Ba ita ba ce.
Wani ɗalibi ya buɗe da buroshi a baki.
Wani gidan, kare ne ya amsa.

A ta goma sha bakwai, Dona Zulmira
ta ce ba ta ga kwali ba, ba ta ma ganin komai sosai,
amma in shigo, na jiƙe.
Ta tambayi abin da ke ciki. Na faɗa.
Ta yi shiru,
sannan ta janye wani zane daga kusurwa.
Baƙin keke, zanen zinariya a wuya,
ƙanin na Graciete, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba ta sayarwa. Ban ma tambaya ba.

Ranar Alhamis na kawo labulen a jaka.
Ita ke taka feda, ƙafarta ba ta manta ba,
ni ke tura yadi, idona da sauransa.
Ɗinkin ya karkace kamar titin Miragaia,
ana ganin daidai inda hannun matata ya tsaya
da inda namu ya kama.
Na rataye shi haka.

Kwalin kuwa, allura ce cikin ruwa,
mai rabo ka ɗauka.
Wataƙila wani ya buɗe, ya juya ɗan ƙarfen a hannu,
ya rasa na mene ne, ya jefa a aljihun tebur
tare da matattun batura.

Jiya waya ta sake ƙara:
"Malam Belmiro, taurari nawa za ka ba mu?"
Na daɗe ina kallon taurarin nan biyar, fanko.
Na kife ta a kan tebur.
Ƙarfe huɗu ta yi,
Zulmira ba ta son kofi ya huce.